Shafi Huɗu na Ranar Alhamis

Kakana ya bar Katagum da jaki ɗaya da niyyar Makka.
Guzuri ya ƙare masa a Gadarif,
ya ce bari ya noma riɗin bana, baɗi ya wuce.
Baɗin nan har yau ba ta iso ba.
Nan aka binne shi, yana fuskantar inda bai kai ba,
mu kuwa in an tambaye mu
sai mu ce kan hanya muke.

Ni Tanimu, ban gaji gonar ba.
Abin da nake nomawa ya fi ta ƙaya:
shafi huɗu, duk ranar Alhamis,
biyu da Larabci,
biyu da ajami saboda tsofaffinmu.
Injin bugawar tari yake yi kafin ya tashi,
in wuta ta ɗauke, in kwafa da hannu har yatsa ya sage.

Inna ce ta koya mini aikin, ba da saninta ba.
Kisira take suya a bakin kasuwar hatsi.
In mace ta zo da zance mai zafi
sai ta ce, "Gani kika yi, ko ji?"
In ji ne, ta miƙa mata canjinta,
ta koma kan kasko.

Duk da haka, shekarar da na fara, sai da na kashe mutum.
Malam Barau mai ɗinkin buhu.
Wani direba ya ce ya cika a asibitin Madani,
na buga, har da addu'a a ƙasa.
Ranar Asabar ya shigo da ƙafarsa, takardar a hannu,
ya ce, "Na zo karɓar gaisuwata."
Bai zage ni ba. Da ma ya zaga.
Ya shanye gahawata, ya kife finjalin,
ya ce, "Kwana biyu matata ta yi cikin takaba
saboda ɗigon tawadarka."

Tun ranar ba na binne kowa
sai na ga wanda ya kama makara.
Kuɗin riɗi da na dawa su ne a shafin farko,
jawabin manya kuma, in wuri ya ragu.
Wani dillali ya taɓa aiko mini buhun sukari
don in rage lamba ɗaya kacal.
Na mayar masa a kan amalanke.
Babu sukari a gidana ranar.
Hansatu ba ta ce mini uffan ba har aka yi Isha.

Ana ce mini ɗan Sudan mai bakin Hausa,
ana ce mini Bahaushe mai takardar Sudan.
Ban taɓa gyara wa kowa ba.
Abin da ba na yafewa shi ne a ɓata suna,
magatakarda ya datse Ɗanjuma ya koma Juma'a
don alƙalaminsa ba ya lanƙwasa.
Wani sunan nan kaɗai aka bar masa.

Yanzu manyan motoci na sauke mutane da tabarma da tukunya.
Shafi na uku ya zama na cigiya:
wane, ɗan shekara tara, tabo a gira,
wance, an rabu da ita a kan gada.
Jiya wata tsohuwa da ba ta karatu
ta ɗora yatsa a kan layi, ta ce, "Nan yake?"
Na matsar da yatsan ƙasa kaɗan, na ce, "Nan."
Ta ninke takardar, ta ƙulle a haɓar zane.

Gobe Alhamis. Tawada ta kusa ƙarewa.
Saura suna ɗaya da ban tabbatar ba,
Barira ce ko Bariratu?
Zan bi ta masaukinsu bayan Asuba.