Jifa Shida

A ƙasan adakar kakana Hayatu
na sami jar ƙwallo mai tauri kamar goruba,
da littafi mai layi-layi, gara ta ci gefensa.
Sunansa na ciki, an rubuta shi a karkace,
ga lamba bakwai, ga sha tara a gaba.
Na tambayi gwaggo Dudu. Ta ce, "Wasan banza ne,
shi ya cinye masa kafaɗa."

Ɗan baduku ne a Garwa.
Tun bai isa kaciya ba ya san basilla,
ya san yadda fata ke bin hannu in ta sha mai.
Shekarar da Binuwai ya cika har ya lashi rumbunan gyaɗa
ya bi jirgin kamfani yana goge tagulla,
ya sauka inda ruwa ke da gishiri,
ba shi da kowa sai zare da allura.

Turawan can na da fili, ciyawa a aske ƙwal,
sanduna uku a kafe nan, uku a can.
Ƙwallonsu ta fashe, aka ce wa zai ɗinke?
Ya ɗinke. Ya jefa wa mai ita daga bakin fili,
ta dira, ta kauce kamar ta ga maciji,
ta wuce hannun Bature.
Bature ya ce a sake.

Haka aka ba shi farin wando.

Kurket, in ji su. Wasa ɗaya kwana uku.
Jifa shida ka huta, wani ya yi shida.
Su suna duban mai jifa, shi yana sauraron ɗinki,
ya san gefen da ya sha gumi da gefen da ya bushe,
ya ɗora yatsu biyu kamar mai neman bugun jijiya.
In sun shiga rumfa shan shayi
ya zaga bayan farin allo ya yi la'asar,
a miƙo masa nasa kofin ta taga.

Ran da baƙi suka zo daga hayin teku
mutum bakwai ya kayar, gudu sha tara kawai ya bari.
Aka tafa. Jarida ta buga hotonsa,
rabin fuska, sauran inuwar hular wani ce.
Rani takwas ya yi yana jifa
kafin wani abu ya ce ƙas a kafaɗarsa.
Aka karɓe wandon, aka bar masa ƙwallon.

Ya dawo Garwa, Faransa ke mulki,
ba wanda ya taɓa jin sunan wasan.
In ya ɗauko labari a majalisa a ce, "To, wa ya ci?"
Ya ce, "Wani sa'in ba kowa."
A kwashe da dariya. Sai ya daina.
Ya koma kan sirdi da kube da layu,
shekara arba'in yana huda fata.
Sai dai in akuya ta shiga lambu:
dutse ɗaya, da hagu ma,
ya dira a gabanta, ya juyo, ya same ta a kwiɓi.

Ni ban riske shi da ƙarfinsa ba.
Na san wani tsoho mai goga lemo a cinya
kafin ya ɓare, bai ma san yana yi ba.

Jiya da yamma, da yake ruwa ya janye,
na sauka ƙarƙashin gada inda laka ta bushe,
na kafa kara uku, na ƙirga taku,
na ɗora yatsu inda zarensa yake.
Ta tafi sambal, ko gezau,
ta bar karan can, ta gangara
wajen masu wanki.
Wani yaro ya ɗauko, ya juya ta a tafinsa,
ya ce, "Baba, wa ya yi wannan ɗinkin?"