Hoton Ƙarfe Goma da Rabi

Ƙarfe goma da rabi tauraron ɗan Adam kan ratsa ta kanmu,
ko sallama babu.
Can an jima hotonsa ya sauko
kan allon da nake gadi a Nukus,
hawa na uku, ɗakin da tagarsa ba ta rufuwa ruf.

Tazagul ce ta koya mini bambancewa,
kafin idonta ya gaza ta koma gida kiwon jikoki.
Hayaƙi, in ji ta, yana da gindi:
bi shi da baya-baya, za ki tarar da jan ɗigon da ya haife shi.
Ƙura kuwa ba ta da uwa ɗaya,
daga ko'ina take tashi, kamar jita-jita.
Shi shuɗi-shuɗi ne, ita ruwan ƙasa.
Sai dai tamu fara ce fat,
don rabinta gishiri ne.

Yau duk biyun sun fito aiki.
A bakin kogin Amu, inda iwa ta bushe ƙayau,
wani ya yar da guntun sigari,
ko ya so sabon tsiro don shanunsa.
Ɗigo bakwai, jajaye, a jere kamar ɗinkin rauni,
hayaƙinsu ya miƙe kudu, siriri.
Daga arewa kuma,
inda tsohuwar taswirar bango ta nace cewa teku ne,
farin mayafi ya ɗago, ba mai riƙe bakinsa.

Na auna. Saura kilomita casa'in.
Iska na cin arba'in a awa.
Lissafin ko ɗan firamare ya yi shi:
kafin a idar da azahar tana Muynak.

Na aika wa asibiti, na aika wa makarantu,
da kalmomin da ofis ya yarda da su:
ana sa ran raguwar gani.
Sannan na zaro wayata.

Baba. Allambergen na jirgi mai lamba goma sha huɗu,
jirgin da yau ke zaune kan rairayi, tsatsa na ci,
raƙuma na shan inuwarsa.
Baba, rufe taga.
Jiƙa tsumma ka toshe ƙasan ƙofa.
A shigar da akuyar. Ina maganin shaƙarka?

Tari ne ya fara amsa mini,
mai tsawo, kamar ana jan koma daga zurfi.
Biybinaz, ya ce, tun asuba gwiwata ta gaya mini.
Tauraronku barci ya yi.

Sai shiru. Ina jin butar shayinsa na kuka.
Daga can sama, ya ce, ana hango ruwan?

Na duba. Wani ɗan tsiri daga yamma,
kore-kore, kamar yankakken farce.
Na ce ana hangowa.
Da yawa?
Na ce ba laifi.
Ya san ƙaryata tun ina rarrafe, bai kama ni ba.
To, ya ce, bar shi ya zo.
Mun daina zuwa wurinsa, shi ne yake biyo mu gida.

Kowane ɗigo a allon nan
faɗinsa ya fi unguwarmu.
Gidan, akuyar, tsohuwar komar da ya rataye a zaure,
shi kansa da tarinsa,
duk ba su cika ɗigo ɗaya ba.
Na ɗora yatsa a wurin duk da haka,
har gilashin ya yi ɗumi.

Wutar iwa ta mutu da kanta, wai da ta kai gaɓar ruwa.
Ban tashi cin abinci ba.
Wajen magariba, ina haɗa rahoto,
na lashi leɓena ba da niyya ba.
Gishiri.
Na tashi na sake tura tagar nan.