Jinkirin Wuta

A Galway ruwan sama ba ya neman izini,
tun Talata yake zuba a kan kogin Corrib.
Gráinne Tuohy ta rataye jiƙaƙƙiyar rigarta
a jikin bututun ƙarfe mai taku goma sha biyu.
Malachy ya ce: Sauke, ba igiyar shanya ba ce.

Shekara talatin da ɗaya yana ɗaure masa kusoshi.
Shi ke saka fallen alminiyom a tsakiya,
ya ɗura iska ta gefe guda, ya ɗura, ya ɗura,
har fallen ya ce fat!
Matsi ya ruga kamar an biyo shi,
ya daki bangon ƙarshe ya juyo,
tururin man da ke kwance cikin sanyi
ya farka a digiri dubu.

Bai kama nan take ba.
Wannan ɗan shirun suke farauta:
tsaga daƙiƙa gida dubu, ɗauki biyu.
A nan mai ke shawara da kansa,
ƙwayoyinsa na sakin hannun juna,
kafin layin kan allo ya miƙe tsaye.

Ta ɗauko 'yar kwalba.
Ɗigo ɗaya, bai kai gishirin miya ba.
Wannan mai zuga ne, shi ke fara karyewa,
ya watsa gutsattsarinsa cikin taro
yana cewa ku tashi.
Biyun nan ta koma ɗaya.
Ɗayar kwalbar kuwa mai raba faɗa ce,
tana bin masu zafin kai tana rungumewa,
wuta ta yi sallama, ta tsaya a ƙofa
ba a amsa ba.

Da yamma suka ƙara zafi,
dubu da ɗari biyar.
Mai zuga ya shiga, da ƙyar layi ya gusa.
Mai rabo ta shiga, ko gezau.
Gráinne ta zargi sirinji, ta wanke, ta sake.
Malachy ya ce: Bar sirinji.
A nan man da kansa yake farfashewa,
ba ya jiran bakin kowa.

Ya tsaya da tsumman goge baƙi a hannu.
Wani kicin ya tuna, a Oughterard,
ƙaninsa Fintan, takardar gona a kan tebur,
uwarsu tana zuba shayi tana cewa ku yi haƙuri.
Shekara tara yana tuhumar kalma ɗaya
da ta kuɓuce masa a daren.
Bai taɓa tambayar digiri nawa ɗakin ya kai ba
tun kafin ya buɗe baki.

Gráinne ta rubuta lambobinta.
Ya zaro fasasshen fallen,
ya buɗe gida huɗu kamar fure,
ya jefa shi gwangwanin biskit tare da 'yan'uwansa.
Wayarsa na aljihu. Ya taɓa ta, ya bari.

Sabon falle, in ji shi.
Mu sauko ƙasa-ƙasa,
inda ɗigo ke da ta cewa.