Ɗakin Addu'a a Yagwa

Kakana magini ne, Musulmi,
shi ya aza tubalin farko.
Taiwe da mutanensa sun baro babbar majami'a,
suka ce masa: ba hasumiya, ba zane, ba gilashi mai launi.
Ƙofa biyu kawai,
da dogayen tagogi, don tsoho ya ga baƙi a littafi.
Ladansa buhu uku na dawa da ɗan akuya.

Ƙararrawarsu tsohon ƙarfen taya ne
rataye a reshen darbejiya.

Yau kwanon ya yi tsatsa,
jemagu sun fi masu waƙa yawa.
A bangon gabas, can ƙasa-ƙasa,
na sa tafina cikin gurbin tafinsa.
Nasa ya fi faɗi.