Farin Kofi

Kullum da asuba, kafin jirgin ƙasan farko ya ratsa Bytom,
Alojzy kan zauna bakin gado, tafukansa bisa gwiwa,
kamar mai shirin ɗaga buhu.
Buhun kuwa numfashi ne.

Ni ce mai riƙe farin kofi.
Shekara arba'in da ɗaya da aure,
ban taɓa zaton karatun da zan ƙware a kansa
karatun kaki ne ba.

Fari ko ruwan toka, mu sha shayi, yau tamu ce.
Ɗorawa, in kasa kunne a bayansa.
Kore kuwa,
kore irin na gansakukar bango,
baƙin nan sun farka ke nan.

Likita Wieczorek ta zana mana a bayan takardar magani
bishiya a kife, rassa suna ta sirancewa.
Ta ce cikin lafiyayyen huhu akwai 'yan tsintsiyoyi
masu sharar hanya dare da rana.
Ƙurar kwal ta shekara ashirin da bakwai ta ci rabin nasa,
taba ta suɗe saura.
Inda shara ta kwana, nan ƙwayoyin cuta ke kafa gida.
Ba tafiya suke yi ba, in ji ta, lafawa suke.

Na ce, ashe 'yan haya ne marasa biya.
Ya yi dariya, dariyar ta juye tari,
tarin ya ci minti huɗu. Na ƙirga a agogon murhu.

Ranar Alhamis kofin ya zo da kore.
Zuwa yamma jikinsa ya ɗauki zafi,
ƙirjinsa yana gurnani kamar tsohon famfo ya sha iska.
Na sa 'yar kwalbar gwaji a aljihun kwat,
na taka dusar ƙanƙara zuwa asibiti,
hannuna a kanta duk tsawon hanya,
sai ka ce zinariya na ɗauko.

Bayan kwana uku suka ba abin suna.
Dogon suna, harshena ya kasa juya shi,
na rubuta a kalanda, ƙarƙashin ranar biyan kuɗin wuta.
Ƙwayar da ta kore su bara
bana sun haddace ta.
Sai gado mai lamba tara, sai allura a jijiya,
sai robar iska a hanci tana huci dare duka.

Mutumin da ya sauka mita dubu cikin ƙasa
yana fito,
yau tsakanin gado da banɗaki sai ya yada zango.
Kalma uku, hutu. Kalma biyu, hutu.
Hilda. Tattabarun. Wa ke.
Na ce Norbert na ba su ruwa.
Ban faɗa masa na bayar da su duka ba.
Likita ta ce ƙurar gashinsu ma abokiyar gaba ce.

Kwana goma sha ɗaya.
An sallame mu da leda cike da magungunan shaƙa
da wani gargaɗi: kowane zuwa irin wannan
yakan tafi da wani abu, ba ya dawo da shi.

Matakalar gidanmu talatin da takwas ce.
Da kaka yakan tsaya a ta ashirin.
Jiya ya tsaya a ta goma sha huɗu,
ya tsuke baki, yana fitar da iska a hankali
kamar mai fifita miya,
ya yi kamar sanarwar da ke bango yake karantawa.
Ni ma na karanta tare da shi.
Za a gyara bututun ruwa ranar Litinin.

Yau da asuba na miƙa kofin.
Ya karɓa, ya juya mini baya, har yanzu kunya.
Na kai shi bakin taga, fitilar ɗaki maƙaryaciya ce.
Ruwan toka.
Da ɗan ɗorawa a gefe, ko idona ne?

Na ɗora tukunyar shayi.
Na sake komawa taga.