Ƙararrawar Kamioka

Kwana tara ina taka feda a tsibirin Shikoku,
teku a hagu, dutse a dama,
hanya kamar zare a bayan allura,
ta huda cikin dutse ta ɓulla a wani gari.
Bargo a kariya, 'yar tukunya, famfon iska,
da kalmomi goma sha biyu na harshensu a bakina,
rabi na godiya, rabi na ban haƙuri.

Ba wanda ya nuna ni da yatsa.
Kallonsu na wutsiyar ido ne,
ya sauka a kaina ya tashi, kamar tsuntsu a kan waya.
Wata tsohuwa ta tsayar da ni a bakin gonarta,
ta cika mini aljihu da lemo.
Ta sunkuya, na sunkuya, ta ƙara sunkuyawa,
har muka rasa mai fara miƙewa.

Rana ta goma, a tsakiyar hawa, ga ruwan sama,
sarƙa ta ce ita a nan ta gaji.
Na tura keke har wani ƙauye
inda ciyawa ta cinye filin makaranta,
lilon yara ya yi tsatsa,
ba kukan jariri, sai na kwaɗi a gonakin shinkafa.

Wani dattijo, hularsa ta sha ruwa,
ya dubi sarƙar, bai dube ni ba.
Ya ɗaga ƙofar shagon da ta manta buɗuwa,
ƙura ta yi mana maraba, da warin tsohon mai.
Ya dafa ƙirji: Kamioka.
Na dafa nawa: Lurwanu.
Ya juya sunan a baki kamar tuwo mai zafi,
ya ce, Ruruwanu.
Na amsa. Wa zai ƙi sunan da aka raɗa masa da wahala?

Yatsunsa na rawa har su isa ga ƙarfe,
da sun taɓa shi sai su natsu.
La'asar ta yi, na shimfiɗa rigar ruwa a lungu.
Bai tambayi komai ba,
rediyonsa kawai ya kashe
har na yi sallama.

Na fito da kuɗi, ya ɓoye hannuwa a baya
kamar na miƙa masa garwashi.
Sai ya shiga ciki, ya daɗe.
Can ƙurya, ƙarƙashin buhu, akwai ƙaramin keke ja
da tayoyinsa suka kwanta tun tuni.
Ya kwance ƙararrawarsa, ya goge da gefen riga,
ya ɗaura a nawa.
Ya nuna keken, ya auna tsawon yaro da tafin hannu,
sannan ya nuna hanyar da ta gangara birni.
Ko tafiya ce, ko rasuwa,
kalmomina goma sha biyu ba su kai nan ba.

Baƙo raɓa ne, na sani, hantsi ke kwashe shi.
Na hau, sarƙa na zuba kamar ruwa.
A kwanar farko na waiwaya:
yana nan tsaye cikin yayyafi, a sunkuye.
Na danna ƙararrawar sau ɗaya.
Kwarin gaba ɗaya ya amsa,
shi kuma ya ɗago kai da sauri,
kamar wanda ya ji an dawo daga makaranta.