Ƙarfe Uku a Kakuri

Ina nan ranar da jiniyar masaƙa ta yi shiru.
Muka fito da takardar sallama a aljihu,
auduga maƙale a gashin kanmu
kamar furfurar da ta yi sammako.
Daga nan layinmu ya fara tsufa.
Mai shayi ya kife teburinsa, tela ya koma ƙauye,
kwata ta cika ta batse, ta haifi sauro,
shagon Bitrus ya zama makwancin awaki.
Bayan magariba, ko kare
sai ya yi shawara kafin ya bi ta nan.

Shekara nawa? Na bar ƙirga.

Sai ga Tasalla, ’yar marigayi Barau mai gyaran inji,
mayafi a kafaɗa, makullin haya a hannu,
ta tsaya gaban tsohon sito mai rufin tsatsa
tana auna shi da ido kamar mai sayen yadi.
Na ce mata daga kan bencina:
“’Yar nan, kuɗinki ne,
amma a rijiya za ki zuba su.”
Ta ce, “Baba Tanimu, in dai rijiya ce,
ai guga kawai ya rage.”

Ba da tanda ta fara ba.
Da kwata ta fara: shebur huɗu, baro ɗaya na aro.
Ta kira masu zaman kashe wando na gindin dalbejiya,
Kazah, da Iliya, da ɗan Ladidi mai jan ido,
wanda uwaye ke rufe ƙofa in ya gifta.
Ta biya su kafin rana ta faɗi,
hannu da hannu, babu “dawo gobe”.
Sannan ta rataya ƙwan lantarki guda a ƙofa,
ta juya fuskarsa waje.
Na ce ɓarnar wuta ce.
Ashe titi take wa kwalli.

Yanzu ƙarfe uku na dare
ba jiniya ke tashe ni ba, ƙamshin burodi ne.
Haske ya jawo mai shayi,
mai shayi ya jawo ’yan acaɓa,
’yan acaɓa suka jawo mai faci da famfonsa.
Mama Rifkatu ta ɗora kaskon ƙosai a daidai inda bola take da,
ladan kan tsaya ya gaishe ta kafin ya wuce,
mai yana tafasa, suna tambayar juna jikoki.

Ba duka ne zuma ba.
Damina ɗaya fulawa ta hau sama kamar shirwa.
Burodi ya ƙanƙance, ta faɗa wa kowa da bakinta,
’yan kunnenta suka ɓace daga kunne,
ba ta ce komai ba, ba ta kuma sallami kowa ba.
Daren da aka sace janareta,
ɗan Ladidi ne ya bi sawu har bakin gada,
ya dawo da shi a baro, leɓensa a fashe.

Ni kuma mai gida ya ƙara mini haya,
wai unguwa ta farfaɗo.
Na je mata da fushina a naɗe kamar tabarma:
“Kin gyara layi, ga shi zai fi ƙarfina.”
Ta yi shiru har na ji kunya.
Sai ta miƙo mini littafi da biro:
“An ce kai ke ƙirga dila a masaƙa,
ko ɗaya bai taɓa ɓata ba.”

Ga ni nan, asuba ta kusa,
ɗari biyu da sittin na Barnawa, tamanin na Makera.
Iliya na ɗaure kaya yana gyangyaɗi.
Hayar dai ba ta ragu ba.
Na shafa kaina, farin gari ya zubo,
ban kakkaɓe ba.